Ungulu da Kan Zabo: Nazari a Kan Hotunan Tsuntsaye Masu Farauta a Sararin Adar

Gabatarwa

A cikin hunturun da ya gabata ne wani matashin malamin makarantar firamare a Tamaske, wanda ya taɓa zama ɗalibina, ya miƙo mani salularsa ya ce: “Malam, duba waɗannan biyun ka zaɓa mani wanda zan wanke in rataya a aji.” Hotunan shirwa guda ce, wadda ya ɗauka da hantsi a gefen kasuwa wajen mahauta, da wata kyamara da yayansa ya aiko masa daga Abijan.

A hoton farko, sama fari ne fat saboda hazo, wayar lantarki ta ratsa kusurwa ɗaya, ƙarshen fiffiken hagu ya yi dishi-dishi, can ƙasa kuma ana hango kan dogon yaro da rufin kwano. Ita kanta shirwar ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na hoton ba. A hoto na biyu, wanda ya fito daga hannun wata manhajar gyaran hoto, tsuntsuwar ta cika fage, sama ya koma shuɗi da gizagizai kamar an saɓa kaɗa, waya ta ɓace, dogon yaro ya ɓace, ido na walƙiya, baki ya yi rawaya shar, kowane gashi ya fito da kaifi kamar an wasa shi. Ya ce duk wanda ya nuna wa, na biyun ya zaɓa. Ni kuwa na farkon na zaɓa, kuma tun da ban iya gamsar da shi a tsaye bakin hanya ba, na ga ya dace in zauna in jero dalilaina, domin tambayar tasa ta shafi duk malamin da ke rataya hoto a gaban yara, da duk ƙungiyar raya al'adu da ke shirya baje kolin hotuna.

Abin da harshe ya riga kyamara gani

Kafin a auna kowane hoto, ya kamata a san ma'aunin. Bahaushe ya daɗe yana kallon waɗannan tsuntsaye, kuma ya ajiye abin da ya gani a cikin kalmominsa. Ya bambanta shirwa da shaho, ya bambanta ungulu da mikiya da gaggafa. Ya ba kowane motsi sunansa: ungulu da shirwa jewa suke yi, wato kewaya sarari da fukafukai a shimfiɗe ba tare da kaɗawa ba, shirwa kan suri ɗan tsako, shaho kan fyauce tantabara. Da ya ce ungulu ba ta jewar banza, ya taƙaita ilimin da masu nazarin tsuntsaye suka tabbatar daga baya, cewa inda ungulaye ke kewayawa akwai mushe a ƙasa, ko kuwa suna sa ido a kan junansu don ganin wadda za ta fara sauka. Da ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, ya sanya shaho a matsayinsa na gaskiya a rayuwar gida, wato barazanar da ke faɗowa daga sama a kan abin da mace ta kiwata a akurki.

Abin lura a nan shi ne, a cikin duk waɗannan maganganu tsuntsun ba shi kaɗai yake ba. Akwai mahauta a ƙarƙashinsa, akwai ƴan tsaki, akwai matar da ke ihu tana kaɗa zane. Tsuntsun Bahaushe maƙwabci ne, wani lokaci ɓarawo, wani lokaci mai sharar gari. Saboda haka ma'aunina na farko shi ne: hoton da ya cancanci yabo a wurinmu shi ne wanda ya nuna tsuntsu yana aikin da aka san shi da shi, a wurin da aka san shi. Hoto na biyu na ɗalibina ya faɗi wannan jarrabawa tun kafin a kai ga maganar gaskiya da ƙarya, domin ya cire shirwar daga Tamaske ya rataye ta a wani sararin da ba na kowa ba.

Wahalar kama abin da ke tashi

Ba zan yi wa masu gyaran hoto adalci ba idan ban faɗi abin da ke tura su ga gyaran ba. Ɗaukar tsuntsu yana tashi na cikin mafi wuyar ayyukan wannan sana'a, kuma wahalar ta tsufa. A shekarar 1882 wani masanin Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a cikin sakan ɗaya, don kawai ya gano yadda fiffike ke motsi. A 1884 Ottomar Anschütz na Jamus ya ɗauki hotunan shamuwar Turai tana tashi, hotunan da suka ba mutanen zamaninsa mamaki. Eric Hosking na Ingila, wanda ya shahara da hotunan tsuntsaye, ya rasa idonsa ɗaya a 1937 lokacin da wata mujiya ta kai masa sura a kusa da sheƙarta, kuma bai bar sana'ar ba.

Matsalolin guda uku ne, kuma har yau ba su canja ba. Na farko sauri: domin a tsayar da fiffiken shaho cak, sai ƙiftawar kyamara ta kai kusan kashi ɗaya cikin 2000 na sakan, ƙiftawa mai sauri haka kuwa haske kaɗan take bari ya shiga. Na biyu nisa: tsuntsu mai farauta ba ya yarda a kusance shi, don haka ake bukatar gilashin jawo nesa na milimita 400 ko fiye, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Na uku haske: idan aka ɗaga kyamara sama, hasken sararin ne ke rinjayar ma'auninta, sai tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa, sai fa in mai ɗauka ya san ya ƙara buɗe wa haske ƙofa da hannunsa. A ƙasarmu kuma akwai ƙari na huɗu, wato hazon hunturu, wanda ke shafe launi, ya rage kaifin duk abin da ke nesa, ya kuma cusa ƙura cikin kyamara.

Sai dai ƙasar Adar ta ba mai haƙuri wata dama da mazauna shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba su da ita. Ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruka masu zurfi, tun daga Keita har Buza da kwarin Majiya. Idan rana ta ɗaga ta gasa duwatsu, iska mai zafi kan tashi sama kamar hayaƙi, a kanta ne manyan tsuntsaye ke hawa su yi jewa ba tare da gajiya ba. Shi ya sa ba a cika ganin su a sama da sassafe ba sai hantsi. Iskar da ta bugi gefen tudu ita ma sama take yi, tsuntsaye kuma kan bi bakin tudun suna shawagi. Wanda ya hau kan tudu ya zauna, ya ba rana baya, zai iya samun tsuntsu daidai da idonsa, ko ma a ƙasa da shi, ya ɗauki bayansa da launinsa, ga kwari da gonaki da garkunan albasa a shimfiɗe a bayansa. Wanda kuma ya lura cewa tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, ya san gefen da zai tsaya. Wannan ilimi ne na ƙafa da ido, irin na makiyayi da maharbi, kuma shi ne rabin sana'ar. Manhajar gyara tana yi wa matashi alkawarin cewa zai sami sakamakon ba tare da hawan tudun ba, a nan ne kuma ɓarnarta ta farko take.

Tsakanin gyara da ƙari

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina ƙin gyaran hoto ɗungurungum. Babu hoton da ba a taɓa ba. A zamanin fim, mai wanke hoto a ɗakin duhu yakan ƙara wa wani gefe haske ya rage wa wani. A yau, ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa, wanda masu sana'ar ke kira RAW, dole sai an sarrafa shi kafin ya yi kama da abin da ido ya gani. Yanke gefen hoto don a matso da tsuntsu, fito da abin da inuwa ta ɓoye a ƙarƙashin fiffike, daidaita launi, share ɗigon ƙurar da ta maƙale a cikin kyamara, rage tsakin-tsakin da ƙarancin haske ke haifarwa, duk waɗannan gyara ne, domin suna kusantar da hoto ga abin da ya faru. Ƙari kuwa shi ne sanya abin da babu, ko cire abin da ke akwai: sauya sama, dasa fiffiken wani hoto a jikin wani, maida tsuntsu ɗaya garke, ko barin manhaja ta zana gashin da kyamara ba ta gani ba.

Wani zai ce ai mu ma muna da al'adar ƙawata hoto. Gaskiya ne. Duk wanda ya shiga shagon mai hoto a Tawa ko Maraɗi ya san labulen da aka zana wa jirgin sama ko bene, ya san agogon aro da rediyon aro. Da irin wannan salo ne Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako suka yi suna a duniya, a Yamai kuma Philippe Koudjina ya adana mana fuskar matasan shekarun 1960 da 1970. Amma a shagon mai hoto akwai yarjejeniya tsakanin mutum uku: mai ɗauka ya sani, wanda aka ɗauka ya sani, mai kallo ma ya san cewa labule labule ne. Babu wanda aka yaudara. Hoton tsuntsu a sararin Allah wata yarjejeniya ce daban, domin abin da yake cewa shi ne: “Na tsaya a wuri kaza, ran kaza, na ga wannan.” Shaida ce. Idan aka sauya sama aka yi shiru, an yi wa mai kallo abin da Hausawa ke kira ungulu da kan zabo.

Duniyar masu hoto ta daɗe tana fama da wannan rigima. A watan Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar biyu kusa da juna don su shiga bangonta, abin ya zame mata abin gori na shekaru. A 1994 Art Wolfe na Amurka ya fitar da littafin hotuna mai suna Migrations, wanda a cikin wasu hotunansa aka ninka dabbobi da kwamfuta don garke ya cika, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Babbar gasar hotunan namun daji da gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kambun 2009 daga hannun José Luis Rodríguez, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na kiwo ne. A 2018 kuma ta soke kyautar Marcio Cabral, bayan masana sun ce dabbar da ke hotonsa matacciya ce da aka cusa wa fata. Gasar kuma tana neman ɗanyen hoto daga duk wanda ya kai zagayen ƙarshe. Abin da ya canja a zamaninmu shi ne sauƙi. Photoshop ya fito a 1990, amma sai ƙwararre ke iya ha'inci da shi. A 2020 aka ƙara masa maɓallin sauya sama da dannawa ɗaya. A 2023 kuma Boris Eldagsen na Jamus ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton da ya ci, ba kyamara ba. Abin da jiya ke bukatar ɗakin aiki, yau yana cikin aljihun ɗan sakandare.

Mu koma ga shirwar Tamaske mu ga abin da ƙarin ya ci. Gizagizan da manhaja ta liƙa na damina ne, alhali a tsakiyar hunturu aka ɗauki hoton. Duk manomin Adar da ya dube su zai ba hoton watan da ba nasa ba. Sannan akwai maganar baki. Shirwa iri biyu ke ratsa sararinmu. Akwai ta Afirka, wadda ke biyo damina zuwa arewa, babbarta bakinta rawaya ne gaba ɗaya. Akwai kuma baƙuwa da ke ƙetaro hamada daga Turai bayan damina, wadda bakinta baƙi ne, gindinsa kawai ke da rawaya. A hoton farko, duk da ƙanƙantar tsuntsuwar, in an matso da shi ana ganin duhu a tsinin bakin, abin da zai sa masani ya tsaya ya yi tambaya: baƙuwa ce, ko kuwa ƙaramar ta gida ce da bakinta bai riga ya rine ba? A hoto na biyu manhaja ta shafe bakin da rawaya don ya yi kyau, ta kashe tambayar. Da dannawa ɗaya an canja wa tsuntsuwa lokaci, an canja mata gari, wataƙila ma an canja mata asali.

Hoto a matsayin shaida

Da a ce tsuntsayen nan suna nan da yawansu kamar da, da sai a ce wannan gardamar masu sha'awa ce kawai. Amma duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar nan ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta har sai an kore ta da sanda, ya kuma san cewa yau akwai yaran da suka gama firamare ba su taɓa ganin ta ba. Ƙididdiga ta gaskata abin da tsofaffi ke faɗi. Jean-Marc Thiollay, wani masanin tsuntsaye ɗan Faransa, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar cewa a wajen gandayen da ake karewa, irin su gandun W, manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya nau'o'i huɗu na ungulayen Afirka a jerin waɗanda ke bakin ƙarewa, cikinsu har da ƙaramar ungulun nan ta kasuwa, da kuma mikiyar duwatsu, wadda aka shaidi irinta da tashi mafi nisa a cikin tsuntsaye, tun da ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a tsayin mita 11,300 ranar 29 ga Nuwamba 1973.

Dalilan raguwar ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake sanya wa mushe don kashe kura ko dila, sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, da cinikin kai da ƙafafun ungulu don tsibbu. Labarin Paschalis ya isa misali. Wata farar ungulu ce da aka ƙyanƙyashe a dajin Dadia na ƙasar Girka a 2013, masana suka ɗaura mata na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada, ta yi hunturu a jihar Damagaram. A ƙarshen Fabrairun 2014 wani maharbi da ya ƙetaro daga Najeriya ya kashe ta don ya sayar wa masu neman sassanta. Abin da teku da hamada suka bari, kasuwarmu ta cinye.

A irin wannan hali, kowane hoto na gaskiya da aka ɗauka a Tamaske ko Keita ko Madawa takarda ce ta tarihi. Mun ma ga aikin irin wannan shaida a ƙasarmu. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama na garin Galma, cikin gundumar Madawa, ɗaya a 1975 ɗaya a 2003, su ne masu bincike suka riƙa nuna wa duniya don tabbatar da cewa manoman Nijar sun maido da itatuwa a gonakinsu. Ƙarfin hotunan nan biyu ya dogara ne a kan abu guda, wato amincewar mai kallo cewa babu wanda ya dasa itace ko ɗaya da kwamfuta. Haka nan aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, da jerin dogon yaro masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, sun canja fuskar ƙasar. Ko tsuntsaye masu farauta sun amfana da wannan canji? Amsar tana hannun wanda ya ajiye hotuna masu kwanan wata da sunan wuri. Akwai ma rumbun bayanan tsuntsayen Nijar da Joost Brouwer ɗan ƙasar Holan ya assasa, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma da irin waɗannan shaidu na masu sha'awa aka gina shi. Hoton farko na ɗalibina, da wayarsa da hazonsa, zai iya shiga irin wannan rumbu. Na biyun ba shi da wurin zama a can.

Sai dai a nan akwai gargaɗin da ya zama wajibi. Kyamara da salula kan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa. Wanda ya gano sheƙar ungulu ko ta shaho a gefen dutse ya watsa hoton a Facebook ko WhatsApp tare da kwatancen wurin, ya yi wa maharbi jagora bai sani ba. Wurin sheƙa sirri ne da ake ba masu bincike da jami'an gandun daji kawai. Haka nan ɗaure ɗan tsako a fili don a jawo shaho, ko hawa kusa da sheƙa har uwa ta gudu ta bar ƙwai a rana, ha'inci ne da ya fi na manhaja muni, domin shi rai yake ci.

Maganar kyau

Wani zai ce: to, mun ji na farko ya fi gaskiya, amma na biyu ya fi kyau. A nan ma ban yarda ba, kuma a matsayina na mai nazari wannan ne wurin da na fi so a saurare ni. Duk wanda ya duba hotunan tsuntsaye masu farauta da ke yawo a intanet da kalandu da bangon littattafan rubutu zai ga salo ɗaya ne ake ta maimaitawa: tsuntsu ya cika fage, fukafukai a buɗe, ido a zare, bayansa fes babu komai. Salo ne da ke bauta wa kaifi, yana ƙirga gashi ɗaya-ɗaya, har ya manta cewa tashi motsi ne. Tsuntsun da aka tsayar cak aka goge masa duniya bai bambanta da wanda aka cusa wa fata aka rataye a gidan tarihi ba. In ka ga goma, ka ga dubu. Da yawa daga cikinsu ma mikiyar Amurka ce mai farin kai, wadda ba ta taɓa ratsa sararin Afirka ba, amma ita ce yaranmu ke zanawa in an ce su zana mikiya.

Hoton farko yana da abubuwa uku da na biyu ya rasa. Dishi-dishin da ke ƙarshen fiffike shi ne ke gaya wa ido cewa tsuntsuwar na juyawa, kuma in aka lura da wutsiyarta mai baki biyu za a ga ta karkace, domin da ita shirwa ke tuƙi. Ƙanƙantarta a cikin faɗin farin sama ita ke ba mai kallo jin nisa da tsayi, wato ainihin abin da ake kira jewa. Wayar lantarki da rufin kwano da kan dogon yaro kuwa su ke cewa nan Tamaske ce, a wannan zamani, a kan mahautar da ta jawo ta. Ban ce hoton ba shi da aibi ba. Tsuntsuwar ta yi tsakiya da yawa, da an bar mata fili a gabanta da ido ya sami inda zai bi ta. Ƙarƙashin fukafukan ya yi duhu, ana iya fito da shi kaɗan. Gefen dama akwai sarari marar amfani da ya kamata a yanke. Duk waɗannan gyara ne na halal, na minti biyar, kuma da an yi su da hoton ya tsaya da ƙafafunsa a kowane baje koli.

Shawara ga malamai da ƙungiyoyi

Daga abin da ya gabata, ina ba da shawara huɗu. Ta farko, duk hoton tsuntsu da za a rataya a aji ko a baje koli a rubuta masa sunan tsuntsun da Hausa, da garin da aka ɗauka, da wata da shekara. Ta biyu, ƙungiyar da ta shirya gasa ta raba ta gida biyu, hoton shaida da hoton ƙawa. A gida na farko a nemi ganin ɗanyen hoto, a gida na biyu kowa ya sauya sama yadda ya ga dama, muddin an rubuta a ƙasa cewa haɗi ne. Ta uku, malamai su maida irin waɗannan hotuna biyu darasi: a ajiye su gefe da gefe, a ce yara su nemo abin da aka cire da abin da aka ƙara. Yaron da ya koyi kama ƙaryar gajimare a hoton shirwa, gobe zai kama ƙaryar da aka haɗa a hoton mutum ko na rikici. Ta huɗu, a haɗa mai kyamara da tsofaffin makiyaya da maharba da mahauta, a rubuta sunayen tsuntsaye da karin maganarsu da lokutan zuwansu, tun masu ilimin suna raye, tun tsuntsayen ma suna nan.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan magana ta yi aiki ne a zamanin da ido ba ya karɓar aro. Yanzu da ake iya ƙera abin gani a cikin salula, nauyin ya koma kan mai ɗauka da mai ratayawa, su ne za su tsare wa gani mutuncinsa. Ɗalibina dai ya wanke hoton farko bayan ƴan gyare-gyaren da muka yi tare, ya rubuta a ƙasansa: “Shirwa, kasuwar Tamaske, watan Janairu.” Ya ce mani ran da ya rataya shi, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ta gane rufin kwanon, na kusa da rumfar kawunta ne, kuma wannan shirwar ce ta suri ɗan tsakon innarta. Ko ita ce ko ba ita ba ce, Allah ne masani, amma daga ranar yaran ajin suka fara kawo masa labarin abin da suka gani a sama a kan hanyarsu ta zuwa makaranta.